Yadda Ake Shirya Tayoyin Babur Don Hawa Kan Ƙanƙara

Sanyin da muka sani a Kano na hunturu ne, wanda ke fasa leɓe da kaushin ƙafa, amma ko a tsakiyar Janairu ruwan Tiga ko na Challawa ba ya daskarewa. To sai dai 'yan Kano sun bazu. Karatu da neman halali sun kai yaranmu Kanada, Rasha, Finlan da arewacin Amurka, kuma wanda ya tashi da babur a hannunsa tun daga Fagge ko Kurna ba ya daina sha'awarsa don ya sauya ƙasa. Wasu kan sayi dogon babur ɗin nan na tseren daji, mai tayoyi masu haƙora, su more shi da rani, sanyi na shigowa su jingine shi har wata huɗu ko biyar. Alhali wasu mutanen can ba sa jinginewa. Ƙusoshi suke dasa wa tayoyin, su ci gaba da hawa. Aikin ba shi da wuyar fahimta ga duk wanda ya taɓa zama wurin mai faci, sai dai yana son awo, kuma awon ne mu ba mu saba da shi ba.

Fara da sanin inda za ka hau

Dusar ƙanƙara da ƙanƙara ba abu ɗaya ba ne a wurin taya. Akwai daskararren ruwa, kamar saman tafki, sumul kuma da tauri. Akwai hanyar daji da ƙasarta ta daskare, dusa ta rufe ta sama-sama, duwatsu da saiwoyi na ɓoye a ƙasa. Akwai kuma dusa mai zurfi, sabuwar zuba, wadda ƙafa ke nutsewa ciki har gwiwa.

Ƙusa tana aiki ne idan ta sami abu mai tauri da za ta ciza. A kan tafki da hanyar daji za ka ga amfaninta tun daga tashin farko. A dusa mai zurfi kuwa ko ƙusa dubu ka dasa, tayar baya haƙa rami kawai za ta yi har cikin babur ya zauna. Masu shiga irin wannan wuri cire tayoyin suke yi gaba ɗaya, su sa sarƙar roba mai faɗi a baya da doguwar faranti mai sulɓi a gaba, irin kayan kamfanin Timbersled da aka kafa a jihar Idaho ta Amurka, wanda kamfanin Polaris ya saye a 2015. Wannan wani aiki ne daban, da kuɗinsa daban.

Tayar da za ta riƙe ƙusa

Yawancin waɗannan babura tayar gaba inci 21 ce, ana rubuta 80/100-21 a jikinta, ta baya kuma inci 18 ko 19, kamar 110/100-18. Sayi sabuwa. Na san halinmu na lallaɓa taya har sai zare ya leƙo, amma a nan tsawon haƙori shi ne jarinka, domin a cikinsa ƙusar za ta zauna. Nemi mai manyan haƙora, cikakku, waɗanda ba a tsaga samansu ba kuma ba su da rami a tsakiya. Roba mai laushi ƙwarai, irin wadda masu hawan duwatsu ke so, ba ta riƙe ƙusa, da ka murɗa totur za ta tofar da ita. Mai matsakaicin tauri ta fi.

Kada wani ya gwada wannan a tayar Boxer ko Jincheng. Zanen irin waɗannan tayoyi bai kai zurfin da zai ɓoye ko gajeriyar ƙusa ba.

Irin ƙusoshin

Uku ne aka fi amfani da su. Na farko sukuru ne mai kai kusurwa shida da aka ƙera musamman don ƙanƙara, kansa da kaifi da tsaga a tsakiya. Kold Kutter ne sunan da ya fi yawo. Yana da sauƙin kuɗi, yana cizon ƙanƙara tsantsa fiye da sauran, amma idan ya haɗu da dutse ko kwalta kaifin kan ya tafi nan da nan. Na biyu shi ne mai tsini na kabaid, wani ƙarfe mai tsananin tauri, ga faffaɗan zare, kamar na Grip Studs. Ya fi tsada nesa ba kusa ba, sai dai yana jure dutse da daskararriyar ƙasa, kuma ana iya kwance shi a mayar a wata tayar. Wanda hawansa na daji ne, wannan ya kamata ya saya. Na uku noti ne da ake hudo taya daga ciki a ɗaure shi ta waje, zan zo kansa.

Akwai kuma tayoyin da ake sayarwa da ƙusoshinsu tun daga masana'anta, irin na Mitas, waɗanda ake hawa a Suwidin da Finlan. Mai hali ya saya ya huta.

Wani zai ce ai sukurun rufin kwano ma kansa kusurwa shida ne, kuma ga shi tuli a Ƙofar Ruwa. Na taɓa ɗaga ɗaya a rumfar wani mai kayan gini ina juya shi, ya ce da ni, "Alhaji, wannan ko ƙarfe ka ɗora shi a kai sai ya huda, balle roba." Gaskiya ya faɗa, kuma matsalar ke nan. Bakinsa an yi shi ne don ya yanke abin da ya tarar ya fitar da shi, don haka sai ya rarake robar da ya kamata ta matse shi. Kansa kuma ba shi da kaifi, yana saurin zama mulmulalle. Araha ba ta ado. Amfaninsa ɗaya: idan kana Kano kafin tafiya, sami tsohuwar taya mai haƙora ka koyi ɗaurawa da shi har hannunka ya faɗa.

Awo

A nan gizo ke saƙar. An ce ido ba mudu ba ne amma ya san ƙima, to a wannan aiki ƙimar ido ba ta isa ba. Tsakanin ƙusar da za ta zauna daram da wadda za ta huda tub bai wuce milimita biyu ko uku ba.

Tun taya tana ƙasa, ba a sa ta a wili ba, ɗauki ma'aunin ƙarfe mai baki biyu, ko ƙaramar rula idan babu, ka auna tsawon haƙori daga samansa zuwa gindinsa. Auna na tsakiya, auna na gefe, auna na tsakaninsu. Ba tsawonsu ɗaya ba. Na tayar gaba sun fi gajarta kuma sun fi sirantaka. Rubuta kowanne. Sannan ka sa yatsa ɗaya ta ciki ɗaya ta waje ka ji kaurin jikin tayar a ƙarƙashin haƙorin. Wannan kaurin ba naka ba ne, katangar da ke tsakanin ƙusa da tub ce, kada ka sa shi cikin lissafi.

Ƙa'idar ita ce zaren ƙusa ya ƙare a cikin haƙori, ko a daidai gindinsa, kada ya shiga jikin taya. Ana sayar da sukurun ƙanƙara da awon inci: 3/8 ya kama milimita 9.5, 1/2 ya kama 12.7, 5/8 kuma kusan 16. Idan haƙorin baya ya kai milimita 17, mai 5/8 zai zauna. Idan na gaba 12 ne, mai 1/2 ya yi tsawo, koma kan 3/8. Ka tuna kuma haƙori yana lotsawa idan nauyin babur da naka suka sauka a kansa, musamman idan ka daki dutse. Ƙusar da ka ga ta tsaya daf da huda a ɗaki, a daji za ta huda. Gajarta ma tana da nata sharri: ƙusar da ta kama rabin haƙori kawai za ta yi ta lanƙwasa har ta fice. Don haka dogon da ya fi kowanne tsawo cikin waɗanda ba za su huda ba, shi kake nema.

Kafin ka sayi ɗaruruwa, gwada 'yan kaɗan. Ɗaura ɗaya a haƙorin tsakiya, ɗaya a na gefe. Juya tayar, ka danna kan ƙusar a ƙasa da dukan nauyinka, ka sa ɗan audiga ko tsumma mai laushi ka shafa ta ciki daidai wurin. Idan zare ya maƙale, ko ka ji ɗan ƙurji ya taso ƙarƙashin yatsanka, ta yi tsawo. Idan wurin sumul yake kamar ba a taɓa ba, ka samu.

Yawan da za ka saya kuwa, ƙirga haƙoran tayarka. Manyan haƙoran baya na ɗaukar biyu, wasu ma uku, ƙananan na gaba ɗaya-ɗaya. Haɗa jimla, ka ƙara kamar kashi ɗaya cikin goma don maye gurbin waɗanda za su zube.

Sa taya a wili

Yi wannan aiki a wuri mai ɗumi. Robar da ta kwana a sanyi tauri take yi, za ka yi ta kokawa da liba har ka tsunkule tub. Shigar da tayoyin cikin gida su kwana. A Kano shanya su a rana kawai za ka yi.

Sa tub mai kauri, irin mai milimita 3 ko 4. Barbaɗa masa hoda, hura masa iska kaɗan don ya ɗauki siffa, sannan ka cusa. Duba kibiyar da ke gefen taya idan tana da ita, kada ka sa ta a juye. Akwai wani ɗan maƙalli da ke danne bakin taya a jikin wili ta ciki, notinsa na leƙowa tsakanin wayoyin wili. A kan ƙanƙara wajibi ne, a baya ma gara biyu, domin taya mai ƙusa tana cizon ƙasa da ƙarfin da zai sa wili ya juya a cikinta, ya ja tub ya tsinke bawul. Notin bawul kuma kada ka matse shi a jikin wili. Bar shi sama kusa da murfi. Idan taya ta fara zamewa za ka ga bawul ya karkace, ka gyara tun bai tsinke ba.

Shafa ruwan sabulu a bakin taya, hura har ya zauna daidai ko'ina, ka bar iskar da ƙarfi, kamar 25 zuwa 30 a geji (awon psi). Haƙora za su miƙe su yi tauri, ƙusa ta shiga a saiti. Na fi son a dasa ƙusa bayan an sa taya a wili, domin murɗa liba a kan tayar da ta riga ta cika da ƙusoshi yanka hannu ne kawai.

Dasawa

Ɗora wilin a kan durom ko tsohuwar taya don ya zauna. Sa safar hannu ta fata. Kana buƙatar injin huda mai batir wanda ake iya rage gudunsa, da bakin da ya dace da kan ƙusar. Masu kabaid suna zuwa da nasu bakin na musamman, kada ka manta ka saye shi tare.

Ɗauki alli ko farin fenti ka ɗiga alama a inda kowace za ta shiga, tun kafin ka taɓa inji. Tsakiyar haƙori ake nema. Idan biyu za ka sa a haƙori ɗaya, raba shi gida biyu a zuciyarka, kowace ta zauna a tsakiyar rabonta, kada ta kusanci baki. Ƙusar da ke gefen haƙori tsaga shi take yi, ta tafi da gutsuren roba, wurin kuma ba ya sake karɓar wata. Kada kuma ka jera su layi ɗaya ɗoɗar a zagayen taya. Idan duk suna bin sawu ɗaya, ta farko ce ke cizon sabuwar ƙanƙara, na bayanta sai su faɗa cikin ramin da ta riga ta tona. Kauda wannan hagu kaɗan, waccan dama kaɗan, ta yadda kowace za ta sami nata wurin.

Ba sai ka fara yin rami ba. Ɗora bakin ƙusa a kan alama, tsayar da inji a miƙe da fuskar haƙorin, danna da kafaɗa, murɗa a hankali. Za ka ji ta ɗan yi gardama, sannan zare ya kama ta fara jan kanta. Zuba ido a kan ƙasan kanta. Da ya taɓa roba, robar ta ɗan lotsa a kewayensa kamar an danna yatsa a tuwo mai ɗumi, saki. Idan ka ƙara ko zagaye ɗaya, zaren zai cinye robar da ke riƙe da shi, ka ji inji ya yi sakwaf yana juyawa a banza. Wannan ƙusar ta mutu, ko da a ido tana nan zaune. Masu kabaid kuma ana nutsar da kafaɗarsu daidai da saman roba, tsinin kaɗai ke leƙowa.

A haƙoran gefe, bi karkatar haƙorin, kada ka tsayar da ƙusar sama. Su ne za su riƙe ka idan ka kwantar da babur a kwana. Kuma kada ka yi wa tayar gaba rowa. Sababbin shiga sukan cika baya da ƙusa don su ji babur na fizga, su bar gaba da 'yan tsiraru. Zamewar baya ana iya tare ta da totur da jiki. Zamewar gaba a kan ƙanƙara, kafin ka ankara kana ƙasa.

Idan sukurun ƙanƙara ka sa, sauran aiki ɗaya da yawancin mutane ke tsallakewa. Bi su ɗaya bayan ɗaya da sifana ta hannu ka daidaita fuskar kawunansu. Na layin tsakiya kaifinsu ya gitta hanya, don ja da birki. Na gefe kaifinsu ya bi tsawon hanya, don su tare zamewar gefe. Aikin yini ne, shayi ya kasance kusa.

Hanyar hudowa daga ciki

Masu son dogon tsini, musamman 'yan tseren tafki, sukan bar ƙusa ta ratsa taya gaba ɗaya. Wasu daga waje suke ɗaura dogon sukuru ya shige cikin wata taya da aka shimfiɗa a ciki. Wasu huda haƙori suke yi, su turo noti daga ciki, su sa masa washa su matse shi ta waje. Ko wacce ka bi, dole a yi wa tub shimfiɗa. Ana samun tsohuwar tayar kwalta, a yanke bakunanta biyu masu waya, a cusa abin da ya rage cikin tayar. Idan noti ne daga ciki, a rufe kawunansu da tef mai ƙarfi kafin shimfiɗar, a ƙara da tsagaggen tsohon tub. Tayar takan yi nauyi, sa ta a wili kuma sai da mutum biyu. Ƙarshen wannan hanya shi ne abin da ake gani a gasar tseren babur ta duniya a kan ƙanƙara, wadda aka fara a 1966, inda tsini ke kaiwa milimita 28 kuma baburan ba su da birki. Nikolai Krasnikov na Rasha ya ci ta sau takwas a jere, daga 2005 zuwa 2012. Ban ba mai koyo shawarar ya fara daga nan ba.

Iska

Mun saba a danna taya da babban yatsa a ce ta yi. Sayi geji mai karanta ƙaramar iska. A hanyar daji 10 zuwa 12 ya wadatar a farko, a tafki ana ɗan ƙarawa don haƙora kada su riƙa kwanciya. Abin lura shi ne iska tana tsukewa a sanyi. Tayar da ka hura 12 a ɗakin da zafinsa digiri 20 ne, idan ta fita inda sanyi ya kai 15 ƙasa da sifili za ta koma wajen 9. Fitar da babur ya sha sanyi kamar rabin awa, sannan ka auna ka daidaita. Rage iska da yawa yana ƙara riƙo, amma yana kusanto da tub ga bakin ƙusa duk lokacin da ka daki wani abu.

Kafin ka tada inji

Taya ta ƙara girma da tsawon kawunan ƙusa. Ɗaga babur, juya kowane wili da hannu, ka kasa kunne. Duba gaban tayar baya inda take fuskantar ƙarfen da ke riƙe da ita da 'yar robar da ke kare shokozoba, duba gefen cen, duba robobin da ke kare ƙafafun gaba da tiyon birki. Idan wuri ya yi kaɗan a baya, ja wilin baya ka sake saita cen, wani lokaci sai an ƙara masa gaɓa. Sannan ka sauke babur, ka sa wani ya hau ya danna shi ƙasa sosai, ka leƙa ƙarƙashin madigadi. A gudu taya tana ƙara buɗewa, don haka tazarar da ta yi daf a tsaye ba ta isa ba.

Injin ma a duba shi: ruwan lagireto ya zama mai maganin daskarewa, ba ruwan famfo ba, babur mai kafireto kuma a ɗan ƙara yawan fetur ɗin da yake sha domin iskar sanyi ta fi nauyi. Ƙafarka ta kasance cikin dogon takalmin babur, ga kariyar gwiwa, ga hular kwano. Kada ka bi bayan wani kurkusa, tayarsa na iya harbo ƙusa, idan kuma ka faɗi a gabansa ita za ta bi ta kanka.

Fita ta farko da abin da ke biyo baya

Kada ka tura babur a kan siminti ko kwalta da ƙusoshin a buɗe. Naɗe tayoyin da tsohon kafet ko tsagaggiyar taya har ka isa wurin. Titin mota kuwa ba wurin irin wannan taya ba ne, ƙarfe a kan kwalta sulɓi yake yi, ga kuma doka. Jamus ta hana tayoyi masu ƙusa a titunanta. A lardin Ontario na Kanada mazauna arewacin lardin kaɗai aka yarje wa, daga 1 ga Satumba zuwa 31 ga Mayu. Tambayi dokar inda kake.

Idan tafki za ka hau, huda ƙanƙarar ka auna kaurinta a wurare da dama. Hukumar kula da albarkatun ƙasa ta jihar Minnesota tana ba da shawarar inci 4 ga mai tafiya a ƙafa, inci 5 zuwa 7 ga ƙananan injuna irin na kan dusa, kuma wannan ga sabuwar ƙanƙara ce garai-garai. Farar da ta gauraya da dusa rabin ƙarfin waccan take da shi, sai a ninka awon. Guji bakin rafi da duk inda ruwa ke gudana a ƙasa, kuma kada ka je kai kaɗai.

Minti ashirin ko talatin na farko tafi a hankali, ba fizga, ba taka birki da ƙarfi, don roba ta kama ƙusoshin. Tsaya ka zagaya tayoyin. Wadda ta ɗago, mayar da ita da sifanar hannu, kada ka sa inji. Wadda ta fice, kada ka mayar a tsohon raminta, nemi sabon wuri a haƙorin idan da sarari, idan babu ka bar shi haka. Sake auna iska, sake duba bawul ko ya karkace. Duk fita ka maimaita wannan dubawa, domin na layin tsakiyar baya su ke fara lalacewa.

Idan sanyi ya wuce, cire tayoyin, wanke su da ruwa don gishirin da ake zubawa a titunan can kada ya ci ƙarfen, bari su bushe, ka ajiye su a inuwa nesa da hita. Wanda ya sami wili na biyu ya bar su a haɗe, baɗi musayar wili kawai zai yi.